Ban San Shi Ba

Shafi na 19

Kujerar ta fara gani.

Tana nan a bakin layi, ƙarƙashin rumfar mai suyar ayaba, ƙafa uku, an tokare gurbin ta huɗun da bulo. An ɗora mata roba cike da yankakkiyar albasa. Da kan zakin da aka sassaƙa a hannunta Khairiyya ta gane ta. Shekara ashirin da shida mahaifinta ya yi yana zama a kanta lokacin yana mai unguwar Bakin Kwata, mutane na tuɓe takalmi tun daga nesa, suna kiransa Sarki ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani.

Ta yi sauri ta sha gabansa don kada idonsa ya kai wurin.

"Na gani," in ji Alhaji Idirisu. Tun ciwon da ya shanye masa ɓarin dama bakinsa ya karkace, magana sai ya jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. "Mu je."

Tasi ta ajiye su tun bakin titi, direban ya ce ko nawa za a ba shi ba zai sa motarsa cikin taɓon New Bell, wannan yanki na Douala, ba. Ba a daɗe da ɗauke ruwa ba. Kan katakan da aka shimfiɗa bisa kwata suke bi, ita riƙe da hannunsa mai rai, shi yana jan ƙafa.

Wani mai bensikin, babur ɗin haya, ya taho a guje yana danna ƙaho.

"Papa, dégage! Hanyar gidanku ce?"

Ya watsa musu ruwan kwata har ƙirjin babbar riga, ya wuce. Alhaji Idirisu ya tsaya ya bi shi da kallo. A da, ko keke ba a wucewa da shi a kai ta layin nan idan yana zaune.

Gobe ƙarfe tara ne zaman kotu.

Ambaliyar bara ta cinye akwatin takardunsa, har da akta, takardar haihuwarsa. Da suka je meri, ofishin magajin gari, neman wata, aka ce littafin shekarar ya ruɓe tun tuni. Ita kuma Khairiyya ta ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, an ba ta zuwa Jumma'a ta kawo shaidar cewa ita 'yar ƙasa ce, ba a kuma bayar da wannan sai da takardar uba. Ma'aikacin ya dubi sunan, ya dube ta, ya ce, "Mudi? Ku ba 'yan Najeriya ba ne?"

Mutumin da hatiminsa ke raba ɗan gida da baƙo, yau shi ake tambaya daga ina ya fito.

Alƙali na son shaidu biyu da suka girme shi, waɗanda suka ga haihuwarsa. Malam Rabe ladan ya yarda. Sauran duk ƙasa ta rufe musu ido, ban da mutum ɗaya. Inna Tsohuwa, mahaifiyar Haliru, wanda suka tashi gida ɗaya da shi.

Khairiyya ta ƙara matse jakarta a hammata. Jiya da rana, tana neman ko da guntun takarda a saman kwabarsa can gidan hayar da suka koma a Cité des Palmiers, ta ci karo da gwangwanin biskit. A ciki ambulan huɗu ne ɗaure da zare. Ta sama kawai ta duba, ta ga sunan wadda aka aiko wa, ta ga sunan wanda ya aiko, ta ga kwanan watan da ke jikin tambarin gidan waya. Ba ta gaya masa ba. Ba ta kuma san abin da ya sa ta zuba su a jaka ba.

Suka yi sallama a ƙofar gidan katako mai shatin ruwa har gwiwa a bango.

Mariam, ƙanwar Haliru, tana tsakar gida da bokiti tana kwalfe ruwa. Ta ɗago. Ta saki bokitin.

"A'a! Yau wace rana ce? Ranka ya daɗe! Sarki da kansa?" Ta leƙa bayansu. "Ina 'yan rakiya? Ina mai riƙe lema?"

"Tanti, ina wuni," in ji Khairiyya a hankali.

"Ku dakata in tuɓe takalmi tukuna." Mariam ta dubi ƙafarta tsirara cikin ruwa. "Au, ashe ba ni da su. A yi min afuwa, ranka ya daɗe, kada a sa a kama ni."

"Mariam," ya ce. "Inna... tana ciki?"

"Innar wa?"

Daga ɗaki wata murya ta fito, siririya amma ba ta rawa.

"Mariam, wane ne?"

"Wanda bai san mu ba ne, Inna."

"Idi ne? Ai na ji jan ƙafarsa tun daga zaure. Ce ya shigo."

A ƙofar ɗakin ya tsaya yana kokawa da takalminsa. Hannun dama ba ya motsi, na hagu na riƙe da sanda. Khairiyya ta durƙusa ta zare masa. Mariam na tsaye a bayansu, hannu a ƙugu.

Inna Tsohuwa na zaune a kan gadon ƙarfe da aka ɗora bisa bulo saboda ruwa. Ta haura tamanin da biyar, yanar tsufa ta rufe idanunta duka biyu, carbi na tafiya a hannunta. Ba kujera a ɗakin. Tabarma ce kawai, ita ma da danshi.

Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, ƙafar ta ƙi, ya zube a zaune kamar buhu.

"Sannu," in ji tsohuwar. "Jiki ya ƙi ko?"

"Da godiya, Inna."

"Wa ke tare da kai? Na ji ƙamshin turaren 'yan boko."

"Khairiyya ce, Inna. Autata."

"Matso nan, 'yar nan." Ta shafa fuskar Khairiyya da yatsu masu sanyi. "Goshin kakarki ne. Allah ya yi albarka."

Ya fara kewaye-kewaye. Ruwan bana. Tsadar magani. Yadda unguwa ta canza.

"Idi, bar wahalar da bakinka," ta katse shi. "Unguwar nan ba ta da marfi. Tun shekaranjiya na ji. An ce ka je wurin Saminu ya bar ka a benci tun hantsi har azahar."

Saminu ne ya gaje shi shekara uku da suka wuce, ranar da takarda mai layi huɗu ta zo ta sauke shi. A da shi ke riƙe masa jaka.

"Ya ce shi bai ga haihuwata ba."

"To ƙarya ya yi? Ai bai gani ba. Ni na gani." Ta gyara zama. "Ranar Laraba ce, ana ruwa irin na yau. Ina amarya, watana biyar a gidan. Ni na riƙe wa ungozoma fitila. A gindin mangwaron da ka sa aka sare don a faɗaɗa maka ƙofar gida, nan aka binne cibiyarka. Uwarka ta kwanta ciwo, ni na goya ka wata bakwai. Zanen aurena mai ruwan goro, kai ka lalata min shi da fitsari."

"Shi ke nan abin da za ki faɗa wa alƙali, Inna," in ji Khairiyya. "Shi kaɗai. Gobe ƙarfe tara. Ni zan zo da mota in ɗauke ki."

Mariam ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ji ta. Shi kaɗai. Ke 'yar nan, an taɓa gaya miki abin da ubanki ya yi wa gidan nan?"

"Na ji... an ce an kama Kawu Haliru."

"An kama shi. Daga nan fa?"

Khairiyya ta sunkuyar da kai.

"To buɗe kunnenki. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Masu kaki suka rufe layin nan da sassafe, duk wanda ba takarda a aljihunsa aka tasa ƙeyarsa. Yaya Haliru ya fito sayen burodi, daga shi sai singileti. Aka zaunar da su a ƙasa a layi, sun fi mutum sittin. Aka ce a kira mai unguwa ya ware nasa, sauran baƙi ne, a kai su iyaka. Ina wajen, ina leƙe ta shingen waya. Ubanki ya zo da babbar riga da lema. Yana bi yana nunawa da sanda. Wannan namu ne. Wannan namu ne. Har ɗan Ilu mahauci da ya zo daga Kano wata uku kafin nan, ya ce namu ne."

"Mariam," in ji Inna Tsohuwa.

"Bar ni, Inna. Da ya zo kan Yaya Haliru, Yaya ya ɗago yana murmushi, har ya fara karkaɗe wando zai tashi. Babban nasu ya ce, wannan fa? Ubanki ya dubi sama. Faɗa mata abin da ka ce."

Alhaji Idirisu ya kawar da kai.

"Ko bakin ya shanye har da wannan? Ni ban yi lakwal ba, ban shiga ajin Faransanci ba, amma kalmomin nan na haddace su kamar karatun sallah. Je ne le connais pas. Ban san shi ba. Mutumin da suka tashi tsakar gida ɗaya, suka ci a akushi ɗaya."

Khairiyya ta juya ta dubi mahaifinta. Yawu ya taru a gefen bakinsa, bai goge ba.

"Papa, gaskiya ne?"

"Kwana ɗaya," ya ce da ƙyar. "Kwana ɗaya... na ce ya yi. Ya koyi hankali. Da safe zan je in fito da shi. Da na je... motar ta tashi."

"Hankalin me?"

Mariam ce ta amsa.

"An yi taro a ƙofar gidansa, manyan gwamnati sun zo. Yaya Haliru ya shigo da takalminsa, ya ce Yaya Idi ga ruwan sanyi an kawo. Bai ce Sarki ba. Laifin ke nan. Duka laifin ke nan."

Ruwa na ɗiga daga kwano cikin wata tasa a kusurwar ɗaki. Ɗis. Ɗis.

"Yanzu kuma ya kwaso ƙafa wai Inna ta je ta ce ta san shi. Wallahi Inna, in kika taka ƙofar kotun nan..."

"Zan je."

"Inna!"

"Na ce zan je. Rufe min baki, ba ke kika haife ni ba."



Tsohuwar ta juya fuskarta wajen da take jin numfashinsa.

"Kada ka ɗauka don kai ne, Idi. Masu unguwa biyar na gani a layin nan. Kowanne da ya hau sai ya ɗauka da shi aka halicci kujerar. Na farkon har doki ya saya, a Douala, inda ba wurin ɗaure akuya. Yau je maƙabarta ka nuna min kabarinsa in kana iyawa, ruwa ya shafe. Riga ce ta aro. Mai ita yana nan, ba ya tsufa, ba ya shanyewa, ba wanda zai aiko masa da takarda mai layi huɗu. Ya ba ka, ya zuba maka ido, ya karɓe abinsa."

"Haka ne, Inna."

"Ni kuwa ba zan tsaya gaban alƙalin duniya in ce ban san ka ba alhali na san ka. Ina da wata tsayuwar a gaba, kuma ta matso. Abin da ka yi, kai da Shi."

"Allah... ya saka da alheri."

"Haliru kuma kwanansa ne ya ƙare. Ko ka nuna shi ko ba ka nuna shi ba, ranar ba za ta wuce shi ba. Wata uku ina zaune a ƙofar gidanka kullum safiya ina tambayarka labari. Ranar da direba ya kawo maka saƙon zazzaɓi ya kashe shi a hanya, ba ka aiko yaro ba, kai ka tako da ƙafarka ka gaya min. Ka kawo buhun shinkafa aka yi masa sadaka. Wannan na riƙe maka shi. Ko ba komai ka raba ni da zaman jira."

Khairiyya ta ji jakar da ke cinyarta ta yi zafi kamar an zuba garwashi a ciki.

Mahaifinta ya fara laluben sandarsa da sauri.

"Khairiyya. Tashi... mu je. Kada mu gajiyar da Inna."

Ta samu abin da ta zo nema. Ta tashi kawai, ta sa masa takalmi, su fita. Gobe ƙarfe tara tsohuwa ta yi magana, ƙarfe goma alƙali ya sa hannu, Jumma'a ta kai dosiyenta, takardun neman aikin, ofishin da ke Akwa. Shekara biyar tana yawo da digiri a leda. Kuɗin maganinsa, kuɗin haya, duk wannan aikin suke jira. In ya so gobe da yamma, bayan kotu, sai ta dawo ita kaɗai ta kawo wa tsohuwar saƙonta. Ba cewa ta yi za ta ɓoye ba. Jinkiri ne kawai. Abin da ya yi shekara ashirin da ɗaya a gwangwani, me kwana ɗaya zai ƙara masa?

Kwana ɗaya.

Ta dubi mutumin da ke zaune a tabarma yana miƙo mata hannu ta ɗaga shi. Shi ma haka ya ce.

Ta zuge jakar.

"Inna, akwai saƙonki a wurina."

Da ya ga zaren, ya ga launin ambulan ɗin, sai ɓarin fuskarsa mai rai ya koma kamar ɗayan.

"Khairiyya. Range ça." Muryarsa ta fito da ƙarfin da ba ta ji ba tun kafin ciwon. "Mayar. Tais-toi, yi shiru, ina gaya miki!"

"Ka yi haƙuri, Papa."

"Aikinki... ki tuna aikinki."

"Na tuna."

"Saƙon me?" in ji Inna Tsohuwa. Carbin ya tsaya.

Mariam ta fizge ɗaurin. Ta iya haɗa baƙaƙen boko kaɗan-kaɗan. Ta matsa bakin ƙofa wajen haske, tana bi da yatsa.

"Inna... Tsohuwa. Ta hannun... mai unguwa Idirisu Mudi." Ta juya bayan ambulan ɗin. Ta sake karantawa. "Haliru. Ikom, Najeriya."

Duk wasiƙun unguwar ta akwatin gidan wayan mai unguwa suke zuwa, don layukan Bakin Kwata ba su da lamba. Shi ke da mabuɗi. Shi ke rabawa ranar Jumma'a.

"Tsohuwar wasiƙa ce," in ji Inna a hankali. "Kafin ya rasu ya rubuto ke nan."

"A'a, Inna." Hawaye ya ɓalle wa Khairiyya. "Na duba tambarin. Wata biyu ne bayan an yi masa sadaka."

Mariam ta jingina da ƙyauren, ta sulale har ƙasa.

"Nawa ne?"

"Huɗu. Ɗaya ce kawai a buɗe."

"Miƙo min."

Aka sa mata a hannu. Ta shafa, ta kai hanci ta shaƙa, ta zaro takardar daga buɗaɗɗen ambulan ɗin ta miƙa cikin iska.

"Karanta min, 'yar nan."

Khairiyya ta warware takardar. Ajami ne, da shuɗin biro, layukan sun karkace. Ita makarantar Faransanci ta yi tun daga ajin yara. Tana iya karanta doka da lissafin kuɗi cikin harsuna biyu, amma wannan ko baƙi ɗaya ba za ta iya haɗawa ya ba ta Hausa ba.

"Ban iya ajami ba, Inna."

"Mariam?"

"Kin san ban yi nisa a allo ba," in ji Mariam cikin kuka.

"To. Akwai wanda ya iya a ɗakin nan. Ni na riƙa kai shi makarantar da hannuna." Ta nuna da haɓa. "Ba shi."

"Inna... don Allah..."

"Karanta min, Idi."

Khairiyya ta sa masa takardar a hannun hagu. Ya daɗe yana kallonta. Ba ya bukatar dubawa sosai, da gani ya san abin da ke ciki.

"Bayan... gaisuwa mai yawa... zuwa ga mahaifiyata."

"Ɗaga murya. Kunnena ya yi nauyi."

"Inna, ina raye. Kada ki... ɗaga hankalinki. An sauke mu a daji, mun yi kwana uku muna tafiya. Ƙarfe ya sare ni a ƙafa, ta rube, an... an yanke ta daga gwiwa. Wasu Hausawa masu goro suka riƙe ni. Ba na iya zuwa, kuma ba a wucewa ba takarda."

Mariam ta cusa gefen zane a baki.

"Ci gaba."

"Na aiko direba da saƙon baki, na ce ya sauka wurin... wurin Yaya Idi. Ban ji amsa ba. Inna, ki je ki ba shi haƙuri." Ya tsaya. Ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Ban ce ka tsaya ba."

"Ki ce masa ban san abin zai ɓata masa rai ba. Bakina ne ya saba. In na dawo zan... zan tuɓe takalmi tun daga titi, zan kira shi Sarki a gaban kowa. Takarda ɗaya kawai zai rubuta, ya buga hatiminsa, ya ce ni ɗan unguwa ne. Ya san ni. Ai ya san ni, Inna. Ki gaishe da Mariam, ki ce ta... ta ajiye min rediyona."

Takardar ta faɗo a cinyarsa.

A waje mai suyar ayaba na yi wa wani ciniki da Faransanci, suna dariya.

"Direban ya zo," in ji Inna Tsohuwa. Ba tambaya ba ce.

"Ya zo."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce... yana raye."

"Kai kuma ka tako da ƙafarka."

"Kina zaune a ƙofata kullum, Inna. Mutane na wucewa... suna kallo. Suna magana. In na rubuta takardar, manya za su ce na yi musu ƙarya ranar. Za su karɓe..."

"Kujerar."

Ya sunkuyar da kai.

"Da wasiƙar nan ta zo, ni ina ina?"

"Kina... zuwa gaishe ni ranar Jumma'a."

"Ina tuɓe takalmi."

"E."

"Ina yi maka addu'ar Allah ya ja zamaninka, saboda buhun shinkafa."

Ya runtse ido.

"Sauran ukun me suka ce?"

"Ban buɗe ba."

"Don me?"

"Tsoro."

"Tsoron wa? Ai kai ne Sarki."

"Mutane."

"Mutane," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Shekara ashirin da ɗaya ina yi wa ɗana addu'ar matattu. Duk azumi ina ba da sadaka a kai masa haske kabari. Kai kana jin tsoron mutane. Ina mutanen yanzu, Idi? Waye cikinsu ya riƙo maka hannu zuwa nan?"

"Ki yafe min, Inna."

Ba ta ko juya ba.

"Mariam, duba min sauran. Yaushe ta ƙarshe ta zo?"

Mariam ta rarrafo ta ɗauka. Ta ba Khairiyya ta duba tambarin. Ta biyu, bayan shekara ɗaya. Ta uku, bayan shekara huɗu. Ta ƙarshe ta fi sauran haske da kauri.

"Shekara biyar da suka wuce, Inna."

"Biyar." Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Shekara biyar ɗin nan da ta wuce yana raye?"

Khairiyya ta juya bayan ambulan ɗin. Yanzu ne ta fara ganinsa. Ba irin rubutun sauran ba ne. Manyan baƙaƙe ne a tsaye, irin na ɗan makaranta mai danna biro.

"Ba shi ya aiko wannan ba."

"Wa ya aiko?"

"An rubuta... Isma'il Haliru."

Mariam ta saki ƙara.

"Sunan Babanmu ne! Inna, sunan Baba ya sa masa! Yana da ɗa! Yaya Haliru yana da ɗa!" Sai kuma ta tsaya, murnar ta mutu a fuskarta. "To me ya sa ɗan ne ya rubuto? Me ya sa ba shi ba?"



Alhaji Idirisu ya miƙa hannu.

"Kawo... in karanta miki, Inna. Duka zan karanta."

Inna Tsohuwa ta lalubo ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya daga hannun Khairiyya. Ta lalubo takardar da ke cinyarsa, ta zare ta ba tare da ta taɓa jikinsa ba. Ta haɗa su, ta ƙulle a bakin zaninta, ƙulli biyu.

Ta zuro ƙafafunta daga gadon.

"Inna, ina za ki?" in ji Mariam. "Ke da rabonki da ƙofar gida tun azumin bara?"

Ta lalubo mayafinta a kan ƙarfen gado ta yafa. Ta lalubo sandarta.

Khairiyya ta buɗe baki. So take ta ce, gobe fa, Inna? Ƙarfe tara fa? Da wane bakin?

"Inna," in ji Alhaji Idirisu. Ya ja jiki a tabarma ya kamo gefen mayafinta. "Inna, ni ne Idi. Ke kika goya ni."

Ta tsaya har sai da yatsunsa suka gaji suka saki.

Ta ratsa tsakar gida cikin ruwa, ba takalmi, sanda na gaba tana bi. Ta wuce zaure. Khairiyya ta bi ta da gudu har bakin ƙofa, ta tsaya nan riƙe da katako.

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ana gwada ta don kiran magariba. Maza sun fara taruwa a bakin famfo, dattawa a kan benci, Saminu a tsakiyarsu da sabuwar hula.

Can Inna Tsohuwa ta nufa, hannunta ɗaya dafe da ƙullin zaninta. Ba ta waiwayo ba.